Iskar da Ta Shiga Motar Maiwada

A tashar Ƙaura Namoda, tun kafin a hango motar Maiwada ake sanin ta taso. Sauran ƙananan motoci sumul suke shigowa, ita kuwa tun daga mashigar gari za ka jiyo ta tana kaf-kaf-kaf, sai ka rantse injin niƙa ne aka sa wa taya. Masu shayi su ce a tanadi gero, ga Maiwada nan tafe. Shi ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Zai faka, ya zare makulli, injin ya ci gaba da rurinsa, sai ya ja wata 'yar waya a ƙarƙashin sitiyari sannan motar ta yi shiru. Ya fito ya bubbuga bonet da tafin hannu, ya ce mata sannu Goɗiya, don sunan da ya raɗa mata ke nan.

Haifaffen Banga ne, gidan manoman gero da dawa tun kaka da kakanni. Bai ƙi noma ba, amma hannunsa na ƙarfe ne. Ya fi shekara goma yana kula da injin niƙan kawunsa Jatau, daga nan ya dawo Ƙaura yana gyaran tarakta da manyan motocin da ke lodin hatsi a bakin tashar jirgi. Duk injin da ke shan gas, wato baƙin man manyan motoci, Maiwada ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Mutum ne gajere, mai kaurin wuya, maras yawan magana, kuma in ya kafe a kan abu gara ka je ka tura dutsen Kwatarkwashi. Matarsa Zuhura takan ce da taurin kai ana sayar da shi a kasuwa, da tuni sun yi gidan bene.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, kowa ya zama matafiyi. Mai neman aiki Gusau, mai neman kwangila Gusau, har wanda ba ya neman komai sai ya je ya ga sabuwar hedikwata da idonsa. Ana cikin haka wahalar fetur ta sauko. Direba ya kwana biyu, ya kwana uku a layin gidan mai, a ƙarshe a ce ya ƙare, ya koma wajen 'yan bumburutu su yanke shi ba wuƙa. Maiwada yana zaune a garejinsa yana kallo, ya lura da abu ɗaya: manyan motoci ba su daina tafiya ba, injinan niƙa ba su daina kuka ba. Gas ana samunsa, in ba a gidan mai ba to a wajen direbobin tirela, kuma a wancan zamani bai kai fetur tsada ba. Sai ya sayar da shanun nomansa biyu, ya tafi Maraɗi, ya dawo da wata tsohuwar wagon 'yar Kwatano wadda ta daɗe a hannun dillali babu mai taya ta, saboda gas take sha. Dillalin ma sai da ya maimaita masa sau uku cewa gazuwal ce fa, kada ya je ya dawo.

Ranar da ya shigo da ita tasha, an sha dariya. Ƙaramar mota mai shan abincin tirela? A Ƙaura da Shinkafi da Zurmi gaba ɗaya, irinta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kamalu, wani direba mai bakin tsiya da suka taso tare, ya zagaya ta ya leƙa inji, ya tambaya ina fulogi, ina kafireta. Da aka ce ba ta da ko ɗaya, ya ce to Allah ya jiƙan shanun Banga. Wa zai gyara ta in ta lalace? Kayan gyaranta a ina? Maiwada ya ce mai gyaran ga shi tsaye, kayan kuma Maraɗi ba sama ba ce. Bayan mako biyu Kamalu yana kwance a kan bonet a layin mai, Goɗiya ta wuce ta gabansa sau huɗu a yini ɗaya, cike da fasinja.

Sai dai kada a ce ya yi arziki, bai yi ba. Da zarar fetur ya samu, maza sukan guje ta. Ba ta da saurin tashi, ga ƙara, ga warin gas da ke maƙale wa babbar riga. Mutumin da ya sha guga da turare zai je gaida kwamishina ba ya son ya isa yana ƙamshin injin niƙa. Don haka Maiwada yakan ci kasuwarsa ne lokacin da wasu ke kuka, in sun yi dariya shi kuma ya koma gefe.

Zuwan Shari'a ne ya ba shi gurbi nasa na kansa. Aka ce a raba motocin maza da na mata. A taron direbobi kowa ya sunkuyar da kai, don an san lodin mata: ga buhu, ga ƙwarya, ga goyo, ga ciniki a kan kowane ƙulli, kuma ba a cika da wuri. Maiwada ya ɗaga hannu ya ce a ba shi layin Shinkafi. Abin nema ya samu. Mata ba ruwansu da saurin tashi, su dai a kai su da kayansu, a dawo da su kafin magariba. Goɗiya kuwa jaka ce wajen kaya, kuma ba ta taɓa ce musu yau babu mai ba. Cikin 'yan watanni, duk Alhamis ta kasuwar Shinkafi kujerunsa goma a kame suke tun daren Laraba. Gidan gaba na Hajiya Kulsumu ne, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, wadda ta yi shekara talatin tana bin wannan hanya, kuma in ta ce wa matan unguwarsu ga gabas, babu mai duban yamma.

Wata Alhamis da bazara, rana ta take, sun wuce rabin hanya suna dosar wajen Katuru, sai motar ta fara shessheƙa. Ta ja, ta saki, ta ja, ta mutu. Maiwada bai damu ba, ya san ciwon. Zafi ne ya tsaga tiyon da ke kawo mai daga tanki, iska ta samu ƙofa ta bi. Injin gas kuwa bai haɗa hanya da iska a cikin mansa ba. Ƙwaya ɗaya ta kumfa ta isa ta tsayar da shi, kuma ba zai tashi ba sai an fitar da ita. Kowane bakanike ya san wannan, kuma haka ake faɗinsa a kowane gareji. Ya buɗe bonet, ya yanke bakin tiyon ya mayar, ya ɗauko sifana. Hajiya Kulsumu ta leƙo ta taga ta tambaye shi abin da ya faru.

Ya ce, "Iska ta shige ta, Hajiya. Ba wani abu ba na, ta saba. In na hisshe ta mu tahi."

Da ya ɗago kai ya ga fuskarta a lokacin, da ya gyara zancensa nan take. Amma kansa na cikin inji. Mata goma suka zuba masa ido ta gilashi. Suka ga ya sassauta wani noti, yana danna wani abu da babban yatsa, yana magana ƙasa-ƙasa, haba Goɗiya, yi haƙuri, saki. Suka ji wani huci, fuu, suka ga farar kumfa tana fita. Ya dawo ya zauna, ya murɗa makulli rabi, ya tsaya leɓensa na motsi. Salati uku yake yi, don ya auna ya ga daidai lokacin da hitar da ke ɗumama injin ke buƙata ke nan kafin a tayar. Sannan ya murɗa. Motar ta girgiza tun daga gaba har baya, ta yi wata irin atishawa, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta tashi.

To, duk macen da ta girma a ƙasar nan ta san wace ce ake kira goɗiya in ba ta doki ba: macen da iskoki ke hawa a wajen bori. Ta kuma san da atishawa iska ke sauka. Babu wadda ta ce uffan har Shinkafi. Maiwada har yana jin daɗi a ransa, wai yau an huta da surutu. Da yamma ya jira su a inda ya saba, babu wadda ta zo. Aka ce masa sun hau bayan wata motar hatsi sun koma.

Magana zarar bunu ce. Kafin Asabar ta gama Ƙaura, kafin Litinin ta kai Zurmi. Kuma kowa ya tuno nasa. Ashe shi ya sa ake zare mata makulli ba ta mutuwa. Ashe shi ya sa ba ta da fulogi amma tana tashi. Ashe shi ya sa duk gari babu mai, ita tana yawo. Wa ya taɓa ganinta a layi? Wata ta ce ta taɓa ganin ya cire batir ɗinta ya ara wa wani, tana ci gaba da kuka. Wannan kuwa gaskiya ne, ya yi, tsohon injin gas in ya tashi ba ruwansa da batir. Duk abin da Maiwada yake alfahari da shi a motar nan, shi aka tattara aka yi masa shaida da shi. Ga kuma lokacin da aka zo: an hana bori, an rufe gidajensa, kowa na kaffa-kaffa da sunansa. A irin wannan lokaci a ce magidanci yana kiwon iskoki a mota, kuma matan mutane yake ɗauka, ba ƙaramar magana ba ce.

Alhamis ta zagayo, ya faka a gurbinsa tun da sassafe. Mata suka zo suka wuce shi kamar ba su taɓa ganinsa ba, suka tsaya a wajen Kamalu, wanda aka roƙa ya riƙa ɗaukarsu. Abin ya yi wa Maiwada ciwo, ciwo mai tsanani. Ba rashin lodin ne ya fi cin ransa ba. Shi da tun yana saurayi sahun farko bai wuce shi ba, yau shi ake nunawa da baki ana cewa boka. Ya koma gida ya tarar da Zuhura ta dawo daga wani suna idonta ja. Ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririyar, uwar ta janye ta ta ce barci take ji.

Ba a jima ba Malam Na'ibi ya aiko a kira shi. Malamin gidan malamai ne, yana cikin dattawan da aka ɗora wa sa ido a kan al'amuran Shari'a a unguwar, mutum mai sanyin hali. A zaurensa Maiwada ya zayyana komai, har da zanen tiyo da tanki a ƙasa da tsinke. Malam ya saurara, ya gane, ya yi dariya har da share hawaye da gefen rawani. Da ya natsu sai ya ce shi kam ya gamsu, amma jama'a ba a zaure suke ba. Shawararsa ita ce a kai motar tasha ranar Alhamis, ya zo da almajiransa manya a yi mata addu'a a gaban kowa, a tofa, hankalin mata ya kwanta, a wuce wurin. Addu'a ai ba ta ɓaci.

Hanya ce mai sauƙi, kuma Maiwada ya san za ta yi aiki. Ya daɗe yana kallon zanensa a ƙasa.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, addu'a ina so, ko yanzu a yi min. Amma in anka yi ta a tasha, cewa za a yi an kori wani abu. Ke nan da akwai shi. Kuma tiyo na, Malam, wata rana sai ya sake tsagewa. Rannan mi za ni ce musu? Ta dawo?"

Malam Na'ibi ya ce gaskiyarsa, shi ne bai hango nan ba. Ya yi alkawarin zai yi bayani a masallaci, kuma ya cika. Sai dai matan da ake so su ji ba sa nan, mazansu ne suka kai musu, kuma kafin bayanin ya tsallaka zaure ya shiga tsakar gida ya zama wai Malam ya tabbatar iska ce, amma ba mai cutarwa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kamalu, duk da bakinsa, ba mugu ba ne. Ya same shi a gareji ya ce ya rabu da wannan jaraba. Akwai wani mai gidan burodi a Zurmi da ke neman injin gas zai haɗa janareta, a sayar masa, a sa wa motar injin fetur, a sake mata fenti, shi ke nan magana ta mutu. Kawunsa Jatau ma ya aiko daga Banga da irin wannan saƙo. Maiwada ya ce ko motar ya ƙona, sunan da aka liƙa masa yana nan, za a ce ya sallami iskokinsa ne don ya ji tsoro. Ba mota yake karewa ba. So yake matan nan su dawo su zauna a kujerunsu suna sane da cewa babu komai a cikinta sai ƙarfe da mai.

Abin da ya yanke shi ne wannan: duk Alhamis zai faka a gurbinsa, ya jira har lokacin tashi, ya ja motarsa zuwa Shinkafi ko da kowa ko babu kowa, ya dawo da yamma. A gan ta ta tafi, a gan ta ta dawo. Makon farko shi kaɗai ya je, 'yan tasha na yi masa Allah ya kiyaye hanya, a gaida fasinjojin da ba a gani. Mako na biyu yana shirin fita sai ya ga Zuhura ta saka hijabinta ta riga shi zuwa ƙofa. Ita da ba ta da abin saye ko na sayarwa a Shinkafi. Ta ce in dai motar mata ce, to ita ma mace ce. Ta shiga ta zauna a tsakiyar kujerar baya, ta sauke gilashi don kowa ya gan ta. Haka suka yi ta yi, mako bayan mako, damina ta sauka ta same su a kai. Sauran kwanaki ya koma gyaran tarakta don a ci tuwo. Akwai ranakun da in ya dubi madubi ya ga matarsa ita kaɗai a cikin wannan doguwar mota sai zuciyarsa ta karye, ya ji kamar ya juya. Bai taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

A mako na takwas fetur ya sake ɓacewa. Kamalu ya tafi Gusau neman mai tun Talata, shiru kake ji. Ranar Alhamis mata suka yi cirko-cirko a tasha da kayansu, ga Goɗiya a gefe tana kaf-kaf, tankinta cike. Suka jira har hantsi, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Kulsumu ce kaɗai ta rage, zaune a kan buhunta. Daddawarta ta riga ta rasa kasuwa ɗaya saboda ruwan sama, in ta rasa wannan sai dai a zubar. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta miƙe ta nufo shi, fuska a ɗaure, ta ce a ɗora mata kaya, in ajali ne ma ko a ɗaki yana iske mutum.

Maiwada ya ɗora kayan. Amma bai buɗe mata ƙofa ba, bonet ya buɗe. Tun makonni da suka wuce ya cire baƙin tiyon ya sa wani fari garau, wanda ake ganin mai na gudu a cikinsa, yana jiran irin wannan rana. Ya roƙe ta don girman Allah ta matso ta duba. Ta matso da baya-baya, Zuhura ta riƙe mata hannu. Ya sassauta bakin tiyon kaɗan. Nan take ƙananan ƙwayoyin kumfa suka shiga, suka bi layi suna tafiya cikin man, injin ya yi shessheƙa ya mutu. Ya ɗaure, ya sassauta notin fitar da iska, ya nuna mata ɗan famfon da ake dannawa, ya ce ta sa yatsanta. Ta ce a'uzu billahi. Ya ce ta ƙara da bisimilla, ta danna. Ta danna sau ɗaya ta janye, ta ga ƙwayoyin sun matsa gaba. Ta sake dannawa, suka sake matsawa. Sai ta gyara tsayuwa ta shiga dannawa da gaske, har kumfar ta fito ta bakin notin tana huci, mai zalla ya biyo baya ya jiƙa mata yatsu. Ya shiga ya tayar, motar ta yi atishawarta ta kama.

Hajiya Kulsumu ta dubi yatsunta, ta dubi tiyon. Ta ce, "Wagga ita ta iskar? Irin wadda gora ka yi in an tsoma shi ruwa?"

Ya ce ita ce, babu wata.

Tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi. Kunya ta kama ta, irin kunyar babba, mai nauyi. Da suka kusa Shinkafi, ta ce masa da bakinta ta ɓata shi, da bakinta za ta gyara, ya bar mata.

Ta kuwa yi aiki. Alhamis ta gaba, kafin Maiwada ya gama faka mota mata sun kewaye ta. Kujeru goma suka cika, har da masu rigimar gurbi, Zuhura ta sauka ta ba wata nata tana murmushi. Maiwada yana bisa yana ɗaure buhuna, ransa fari ƙal, sai ya jiyo wata mai suna Ramatu tana yi wa ta kusa da ita bayani ta taga. Wai ai yanzu babu tsoro. Hajiya da kanta ta ce da hannunta ta fitar da iskar, ta gan ta tana fita tana huci. Hannun da ya taɓa Ka'aba ai ba wasa ba ne. Ta kusa da ita ta ce Allah ya saka wa Hajiya, shi kuma Allah ya shirye shi ya daina.

Igiyar ta tsaya a hannunsa. Hajiya Kulsumu ba ta yi ƙarya ba ko ɗaya, abin da ya faru ta faɗa, da kalmomin da ake faɗinsa. Kalmar ce dai ta sake yin halinta. Ya sauko a hankali. Mota cike, karo na farko cikin mako tara, rana na ɗagawa, kasuwa na ci. Kamalu, wanda ya dawo daga Gusau da jarka ɗaya tal, shi ma ya ji zancen. Ya matso ya raɗa masa cewa ya ja motarsa ya tafi, kowa ya fahimci abin da ya ga dama, ai an dawo. Maiwada ya dubi Zuhura. Ya ga gajiyar mako takwas a idonta, kuma ya san in ya ja motar nan ba za ta taɓa ganin laifinsa ba.

Ya zura hannu ta taga ya ja wayar. Injin ya yi shiru.

Ya ce, "Iyayena, ku yi hanƙuri ku sauko. Ba a kori komi ba, don babu abin kora. Wadda duk za ta shiga motag ga, sai ta gani da idonta ta danna da hannunta. Wadda ba ta iyawa, ban riƙe ta ba."

Aka yi ca. Wata ta ce kasuwa za ta watse, wata ta ce wannan wane irin wulaƙanci ne. Hajiya Kulsumu, da ta fahimci inda zancenta ya faɗa, ta riga kowa sauka, ta tsaya a gaban bonet ta ce kowa ta fito, ita za ta nuna. Maiwada ya sa iska, ta nuna musu ƙwayoyin, aka danna, aka tayar. Ya sake sawa, wata ta danna. Sau bakwai yana kashe motar nan yana tayarwa, gumi na zuba, batir na neman gajiya, 'yan tasha sun yi da'ira suna kallon ikon Allah. Mata huɗu suka ƙi matsowa. Ɗaya ta ce ita ba za ta sa hannunta a abin da ba ta sani ba, in dai ba a kore ta ba to tana nan ke nan. Suka sa aka sauke musu kaya. Maiwada da kansa ya kwance igiya ya sauke, ya kai musu har inuwa.

Sai wajen azahar suka bar Ƙaura, mata shida da Zuhura ta bakwai, kowace yatsanta na warin gas. An riga an yi asarar rabin kasuwa, kuma babu wadda ta ɓoye masa haushinta. Har suka wuce gonakin bakin gari ana yi masa mita. Ya yi kunnen uwar shegu ya riƙe sitiyari. Can da mitar ta lafa, sai Ramatu ta ɗago murya daga baya ta tambaye shi, to in tiyon ya sake tsagewa a daji fa, ya ke nan? Ya ce sai a tsaya a fitar da ita.

Ta ce, "To ni za ni danna. Hajiya ta yi nata sau biyu."

Hajiya Kulsumu ta juyo ta ce ba ta isa ba, famfon na mai gidan gaba ne. Gardama ta kaure a kan wadda za ta danna. Farin ciki ya cika Maiwada har ya kasa sa musu baki, ya dai sa giya ta huɗu ya ci gaba da tuƙi.